Kowa Ya Ci Ladan Kuturu: Gardamar Hoto da Sabon Salo a Wasannin Pokémon

Watakila wani zai tambaya me ya kai wannan shafi ga zancen wasan yara, alhali ga manyan al'amura birjik suna jiran a tattauna su. Amsata ita ce, abin da jama'a suka kwance bakin aljihu suka sayi guda miliyan 10 cikin kwana uku ya wuce wasan yara, ya zama ciniki, ciniki kuwa ko na goro ne yana da hakki tsakanin mai saye da mai sayarwa. Wannan ciniki ya soma ne ran 18 ga watan Nuwamba na 2022, sa'ad da kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da tagwayen wasannin bidiyo masu suna Pokémon Écarlate da Pokémon Violet. Tun da kamfanin ya ke bai taɓa yin wasan da aka wawashe da irin wannan sauri ba. Amma mako biyu kacal bayan haka, sai ga shi yana ba masu saye haƙuri a rubuce saboda kurakuran da suka tarar cikin abin da suka biya. Daga nan gardamar da ta daɗe tana cin masoya wannan wasa ta daɗa ruruwa, har yau kuwa ba ta mutu ba.

Wanda bai san wasan ba, ai ya san Pikachu, ɗan ɓeran nan rawaya mai jan kumatu da a ke gani a jikin rigunan yara da jakunkunan ƴan lakwal. Tsarin wasan ba shi da wuyar ganewa. Mai wasa yaro ne da ya bar garinsu ya shiga duniya, yana bin daji da duwatsu da bakin teku yana neman waɗansu halittu na ƙage, waɗanda wasu ke kira dodanni ko da ya ke galibinsu ba su da ban tsoro. In ya gamu da ɗaya sai ya jefe ta da ƴar ƙwallo ya kama ta, ya horar da ita har ta girma ta rikiɗa zuwa wata siffa, kana ya kara ta da na sauran masu horarwa. Burinsa biyu ne, ya cika littafin da a ke rubuta sunan kowace halitta, ya kuma zama zakaran ƙasar.

Masu gardamar sun rabu gida biyu. Kashi na farko suna cewa abin kunya ne a ce sunan da ke cikin mafi kawo kuɗi a duk duniyar nishaɗi ya riƙa ba jama'a hoto irin na shekara ashirin da suka wuce, itatuwa kamar an yanko su da almakashi, duwatsu kamar an yaɓe su da laka. Suna ƙarawa da cewa tsarin ma bai motsa ba tun 1996, a zaɓi ɗaya cikin halittu uku, ta ciyawa ko ta wuta ko ta ruwa, a ka da shugabanni takwas, a je gasar ƙarshe, shi ke nan. Kashi na biyu su kuwa suna cewa wanda ya zo Pokémon neman kyan hoto ya ɓata hanya, gama daɗin wasan yana cikin kamu da kiwo da musaya, masu ƙorafin kuma manya ne da ke neman a mayar musu da ƙuruciyarsu, abin da babu kamfanin da zai iya.

A ganina dukansu biyu sun zuba abu biyu cikin ƙwarya ɗaya, shi ya sa gardamar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Akwai rashin ado, akwai kuma rashin gamawa. Mutum ya kan sayi riga marar aiki a wuya ya sa ta da farin ciki, in dai da saninsa ya saye ta haka. Amma in ya kai ta gida hannu ya ɓalle ranar farko, tela ba shi da bakin ce masa ai amfanin riga sutura ne. Pokémon bai taɓa zama riga mai aska ba, kuma babu wanda ya tilasta masa ya zama. Abin da a ke binsa bashi shi ne ɗinki mai ƙarfi.

In muka koma asali, za mu ga kashi na biyu suna da hujja babba. Wanda ya ƙago wasan, Satoshi Tajiri, an haife shi a 1965, ya girma a Machida, bayan birnin Tokyo, lokacin da wurin ke da gonaki da tafkuna. Yana yaro ba shi da aiki sai kamun ƙwari, ya tara su, ya kwatanta nasa da na abokai. Da birni ya cinye filayen aka shimfiɗa kwalta, sai ya so ya mayar wa yaran birni wannan daɗi ta wata hanya. Ya ga akwatin wasa na hannu mai suna Game Boy, wanda Nintendo ya fitar a 1989, yana da wata waya da a ke haɗa akwati biyu da ita, sai ya hango ƙwaro yana rarrafe a kan wayar daga hannun wani yaro zuwa na wani. Shi da abokinsa mai zane Ken Sugimori da ƴan ma'aikatan kamfaninsu Game Freak suka shafe wajen shekara shida suna fama, har kamfanin ya kusa durƙushewa, kafin wasannin farko, Ja da Tsanwa, su fito a Japan ran 27 ga Fabrairu na 1996 da halittu 151.

A lura da shekarar. A cikin 1996 ɗin ne Nintendo ya fito da Super Mario 64, wanda ya nuna wa duniya hoto mai zurfi da a ke iya zagaya shi ta kowane gefe. Pokémon kuwa ya fito a kan akwatin da ya kusa shekara bakwai, fuskarsa ɗigo 160 a kwance da 144 a tsaye, babu launi sai duhu da haske hawa huɗu. Watau tun ranar haihuwarsa hotonsa ya tsufa. Duk da haka wasannin farkon nan sun sayu fiye da miliyan 31. Dalili kuwa, ɗan zanen da ke kan gilashi alama ce kawai, sauran aikin zuciyar yaro ke yi, ita ke sa wa dodon fata da murya da hali. Har wa yau an raba halittun tsakanin Ja da Tsanwa da gangan, yadda babu mai cika littafinsa sai ya nemi aboki sun yi musaya. Wannan shi ne sabon abu na gaske da Tajiri ya kawo, ba shi da alaƙa da kyan hoto ko kaɗan.

Gaskiya ta sa in faɗi abin da ke raunana maganata. Wasannin farkon ma cike su ke da kurakurai. Akwai wani lungu a bakin teku inda wata halitta marar siffa, tarin ɗige-ɗige kawai, ta kan ɓullo ta hargitsa lissafin kayan mai wasa, yara kuwa suka mai da ita abin alfahari suna koya wa juna yadda a ke kiranta. To, amma a lokacin ƴan samari ne kaɗan ke aiki ba kuɗi, suna cusa duniya guda cikin ma'ajiyar da ba za ta ɗauki hoto ɗaya na wayar hannu ta yau ba. Uzurin da a ke yi wa mai tallan tire ba a yi wa mai kanti.

Abin da ya sauya lissafi shi ne barin alama zuwa kwaikwayon zahiri. A 2013 wasannin X da Y suka mai da halittun masu jiki da zurfi, a 2019 kuma Épée da Bouclier, watau Takobi da Garkuwa, suka kai sabon ƙarni na wasan kan akwatin Switch, wanda a ke haɗawa da babban telebijin. Muddin itace ɗigo goma ne a kan ƙaramin gilashi, ido ba ya tuhumarsa. Ranar da ka ce ga daji na gaske, ga iska tana kaɗa ganye, ka gayyaci ido ya gwada dajinka da na maƙwabta, ido kuwa ba ya kara. Shi ya sa wani itace guda na filin Takobi da Garkuwa ya zama abin ba'a tun kafin wasan ya fito, har a na jera shi da itatuwan wani wasan Zelda na 1998 a na tambaya wanne ne sabo.

Amma ba itacen nan ne ya ɓata ran mutane ba, wata sanarwa ce. A watan Yuni na 2019, wurin baje kolin wasanni na Los Angeles, Junichi Masuda, ɗaya daga cikin manyan Game Freak, ya bayyana cewa ba dukan halittun da ne za su shiga sabon wasan ba. Sai mai karatu ya san nauyin wannan magana. Tun daga wasannin 2002 an buɗe hanyar da mai wasa zai riƙa ƙaura da halittunsa daga tsohon wasa zuwa sabo, akwati bayan akwati. Akwai wanda ya kama tasa yana ɗan shekara goma, ya raɗa mata suna, ya yi ta jan ta har ya kai shekara ashirin da bakwai, rana ɗaya aka ce masa ta tsaya a ƙofa. Cikin halittu kusan 900, kimanin 400 aka shigar da farko. Hujjar da aka bayar ita ce yawan ya yi yawa, kuma a na so a sami sarari a kyautata motsin waɗanda aka bari, a daidaita ƙarfinsu wurin faɗa. Da wasan ya fito a watan Nuwamba, sai aka ga halitta an ce ta yi shuri biyu, ita kuwa ta ɗan yi tsalle a inda ta ke, ƙafarta ba ta ko ɗaga ba.

Ni dai ban ga laifin rage yawan ba. Kowace halitta sai an sassaƙa ta, an koya mata tafiya da gudu da barci da bugu da faɗuwa, yau kuwa sun kai 1025, babu yadda za a yi ta ɗaukar wannan kaya har abada. Laifin yana ga alkawarin da aka ɗaura wa ragin, gama wanda ya karɓe maka abu ya ce zai musanya maka da mafi kyau, ya ɗora wa kansa bashi. Haka kuma ban ga hujjar zagi da barazanar da waɗansu masoya suka yi ta aika wa ma'aikatan kamfanin ba. Mai zanen da aka ba wata uku ya yi aikin shekara ba shi ya yanka ranar fitowa ba, zaginsa kuwa ya ba kamfanin damar ɗaukar dukan masu ƙorafi a matsayin marasa kunya.

Shekarar 2022 ita ce ta raba gardama ga mai son gani, domin a cikinta Game Freak ya fitar da manyan wasanni biyu, wata goma tsakaninsu. Na farko, Légendes Pokémon: Arceus, ya fito a watan Janairu. An mai da mai wasa zamanin da, cikin wata ƙasa da aka kwaikwayo daga tsibirin Hokkaido, lokacin da mutane ke tsoron halittun nan ba su saba da su ba. A nan mutum ya kan laɓe cikin ciyawa ya yi sanɗa, ya jefa ƙwallonsa ba tare da an yi faɗa ba, in kuwa ya yi sake babbar halitta ta hango shi, shi kansa za ta bi da gudu. Cika littafi ma ya zama sai da lura, a ga abin da halitta ke ci da yadda ta ke kai hari. Hotonsa fa? Filaye fayau, tsaunuka tsirara, ruwa kamar an shimfiɗa leda. An yi ƙorafi, an yi dariya, amma galibin masoya suka rungume shi, da yawa ma suna cewa rabonsu da jin daɗin Pokémon haka tun suna yara. Ga rigar da ba ta da aiki a wuya, amma ɗinkinta ya riƙe, yankanta kuma sabo ne.

Na biyu shi ne Écarlate da Violet da na fara ambata. Dabarar da ke cikinsa ba ta da laifi. An buɗe ƙasa guda sukutum, wadda aka kwaikwayo daga Ispaniya da Fotugal, aka ce mai wasa ya nufi inda ya ga dama, ga labari uku ya bi wanda ya so, ga damar mutum huɗu su yi yawo tare. Labarin wani yaro da ke bin duwatsu yana neman ganyen magani domin karensa da ke jinya ya taɓa zuciyar manya da yara, ƙarshen wasan kuma yana cikin mafi kyau da kamfanin ya taɓa rubutawa. Sai dai an kawo shi ɗanye. Hoto mai motsi, ko na sinima ko na wasa, jerin hotuna ne tsayayyu da a ke saurin sauyawa, wannan wasa kuwa an nufe shi da hoto 30 cikin sakan guda, amma sau da yawa ba ya kai wa, sai tafiya ta riƙa tsinkewa kamar mota mai shaƙe mai. Mutanen da ke nesa kaɗan suna motsi kamar gumaka, ƴan makaranta cikin aji suna kaɗa ƙafa tsinke-tsinke, halittu suna nutsewa cikin bango, mai wasa ya kan zurma ta cikin ƙasa ya faɗa sarari, wani lokaci wasan ya mutu ɗungum. Wannan ba zancen ado ba ne, kuma duk mai kare shi da cewa ai Pokémon ba don hoto a ke yinsa ba, ya amsa tambayar da ba a yi masa ba.

An ce akwatin Switch ne ba shi da ƙarfi. Lalle ba shi da ƙarfin abokan gasarsa. Amma a kan wannan akwati ne Zelda: Breath of the Wild ya fito tun 2017 da ƙasa mai faɗi wadda har yau a ke misali da ita, a kansa ne kuma Xenoblade Chronicles 3 ya fito wata huɗu kafin Écarlate. Har ma New Pokémon Snap na 2021, wanda kamfanin Bandai Namco ya yi, ya nuna halittun nan suna wasa da juna suna barci suna farauta cikin daji mai kyan gani, ko da ya ke shi hanya ɗaya a ke bi a cikinsa, aikinsa ya fi sauƙi. Ruwa dai ba ya tsami banza, kuma ba a jikin akwati tsamin ya ke ba.

A duba kalanda. Nuwamba 2016, Rana da Wata. Nuwamba 2017, sabon zubinsu. Nuwamba 2018, Let's Go. Nuwamba 2019, Takobi da Garkuwa. A 2020 ƙari biyu a kansu. Janairu 2022, Arceus. Nuwamba 2022, Écarlate da Violet. Duk wannan daga kamfanin da ma'aikatansa ba su wuce wajen 200 ba, an kuma kasa su ƙungiya ƙungiya. Masu yin Zelda kuwa shekara shida suka ɗauka tsakanin wasan 2017 da magajinsa na 2023. Me ya hana Pokémon irin wannan jinkiri? Abin da ya hana shi ne, wasan bidiyo ba shi kaɗai ke tafiya ba. Sunan Pokémon mallakar kamfani uku ne, Nintendo da Game Freak da Creatures, waɗanda suka haɗu suka kafa The Pokémon Company domin kula da cinikinsa. Akwai majigin yara na telebijin, akwai katunan wasa, akwai ƴan tsana da riguna da jakunkuna, waɗannan kuwa in an haɗa su sun fi wasan kansa kawo kuɗi. Dukansu suna tsaye suna jiran sababbin halittu, sababbin halittu kuma daga wasan su ke fitowa, wasan kuma a na so ya riski kasuwar Kirsimeti. In ayari ya ɗaura kaya, ba a jiran raƙumi guda don ƙafarsa na ciwo, ko da shi ne ke ɗauke da ruwan sha. A watan Agusta na 2023 wani babban jami'in The Pokémon Company, Takato Utsunomiya, ya yarda a wata hira cewa suna shawara kan yadda za su ci gaba da fitar da kaya a kai a kai ba tare da ingancinsu ya faɗi ba. Wanda ke irin wannan shawara ya san inda ciwon ya ke.

Masu saye ma suna da nasu kason. A wancan lokaci wasa guda kuɗinsa wajen yuro 60 ne, kimanin jika 39 na kuɗin sefa. Takobi da Garkuwa, da duk hayaniyar da aka yi a kansu, sun sayu fiye da miliyan 26. Écarlate da Violet, da duk kurakuransu, su ma sun haura miliyan 26. Da yawa cikin masu zagi sun biya kuɗin tun kafin ranar fitowa. Wane ɗan kasuwa ne zai ga ɗanyen kaya ya ƙare cikin kwana uku sa'an nan ya ce bari ya ƙara shekara yana gyara? Sai dai kada a ɗora wa masu saye dukan laifi, gama masu gardamar ƴan kaɗan ne cikin miliyoyin nan. Mafi yawa yara ne da iyayen da suka saya musu, yaro kuwa ba ya ƙirga hotuna cikin sakan, ya ga Pikachu ya yi murna. Waɗansu suna kawo wannan a matsayin uzuri, wai ai yaran ba su damu ba. Ni a wurina shi ne ya ƙara wa laifin nauyi. Mai awon da ya tauye tiya don ya ga yaro aka aiko ya fi wanda ya tauye wa babba laifi, tun da babba yana iya cewa a sake awo.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa lokaci ne maganin. A 2024 babu sabon babban wasan Pokémon da ya fito. A watan Yuni na 2025 akwatin Switch 2 ya fito, aka yi wa Écarlate da Violet gyara kyauta, sai ga shi yana gudu sumul da hoto 60 cikin sakan, filaye cike da halittu, mutane suka ce ashe wasa mai daɗi ne aka binne. Amma fa wanda ya biya a 2022 sai da ya jira shekara biyu da rabi, ya kuma sayi sabon akwati na wajen yuro 470, sama da jika 300, kafin ya ga kayansa yadda ya kamata. A watan Oktoba na 2025 kuma Légendes Pokémon: Z-A ya fito. An tsare shi cikin birni guda, Illumis, wanda aka kwaikwayo daga Paris, aka kuma karya wata doka mai shekara kusan talatin, faɗa ya daina zama bi da bi, ya koma a na gudu a na kaucewa a na kai hari a lokaci guda. Wasan ya tsaya da ƙafarsa fiye da na 2022 nesa ba kusa ba. Ƙorafin da aka yi a kansa shi ne tagogi da barandun gidaje zane ne kawai aka manna a bango shafal, mutanen cikinsa kuma bakinsu na motsi babu murya. A nan na ɗan raba hanya da masu kare kamfanin, domin wanda ya kulle ka cikin birni guda ya san bango ne abin da idonka zai fi gani. Duk da haka tagar da aka zana ba ɗaya ta ke da ƙasar da ke zurmawa da mutum ba, bai kuwa kamata a yi musu kuka iri ɗaya ba.

To, in masu saye ba za su daina saye ba, me zai sa kamfanin ya ci gaba da natsuwa? Babu abin da ke gyara ɗan kasuwa kamar wani ya kafa rumfa kusa da tasa. Ƙananan rumfuna sun daɗe suna nan. Cassette Beasts na 2023, wanda wani ɗan ƙaramin kamfani na Ingila ya yi da zanen ɗige-ɗige irin na da, ya ba mai wasa ikon narka kowace halitta biyu su zama ɗaya, dabarar da ta isa shaida cewa sabon salo ba ya jiran kaifin hoto. Amma wadda ta girgiza kasuwa ita ce Palworld, ta kamfanin Pocketpair na Japan, wadda ta fito a watan Janairu na 2024 ta sayu miliyan 8 cikin ƙasa da kwana shida. Hotonta mai kaifi ne, halittunta suna noma suna gini suna ɗaukar bindiga. Ba na cikin masu yi mata kirari. Da yawa cikin halittunta sun yi kama da na Pokémon kamar an tsaga kara, sabon salon nata kuma galibi haɗe-haɗe ne na abin da waɗansu wasanni suka riga suka yi, ga ta da nata kurakuran. Sai dai ta faɗa tun farko cewa ba a gama ta ba, ta kuma karɓi rabin kuɗi. Yawan masu sayenta ya nuna ƙishin da Game Freak ya bari.

A watan Satumba na 2024 Nintendo da The Pokémon Company suka kai Pocketpair ƙara a wata kotun Tokyo. Da kan kamannin halittu suka kai ƙarar, da na fahimce su, domin zanen mutum guminsa ne. Amma sun kai ta ne kan takardun mallakar dabarun wasa, irin su jefa ƙwallo a kama halitta a fili da hawan halitta a yi tafiya, har Pocketpair ya sauya waɗansu sassan wasansa, ya daina barin mai wasa ya jefa ƙwallo don kiran halittarsa. Wannan ya fi tagogin Illumis damuna. Pokémon ba shi ya fara tara dodanni ba. Megami Tensei na 1987 ya riga ya ba mai wasa ikon lallashin dodo ya koma bayansa, Dragon Quest V na 1992 kuma ya bar dodon da aka ka da ya bi mai wasa ya zama abokin tafiya. Masu waɗannan wasanni ba su tare wa Tajiri hanya ba a 1996, sa'ad da ya zo da ɗan akwatinsa marar launi da wayarsa ta musaya.